Allon da ke Kallon Benci

Gwaggo Mai Tafireta ake kiranta, ko da yake tafiretar ta daɗe da komawa ƙarƙashin tebur, ta zama wurin ɗora ƙafa. Tun tana budurwa take buga wa mutane takardu a wani ɗan shago kusa da tashar mota. Da wannan sana'a ta raini 'ya'ya bayan rasuwar mijinta, ta aurar da na aurarwa.

Kwamfutarta tsohuwa ce, ga nawa kamar hawainiya. Kafin ta buɗe shafi, mai takarda ya zauna a benci, ya sha ruwa, ya amayar da abin da ke cikinsa. Gwaggo kuwa tana da salonta. In mutum ya zo a fusace ya ce a rubuta wa shugabansa "ba ka da adalci", sai ta buga "ina roƙon a sake duba lamarina". Ita kaɗai ke ganin allon. Kafin firinta ta gama tari ta tofo takardar, zuciya ta sauka. Mutum ya karanta, ya ɗan ja tsaki, ya sa hannu.

Babban ɗanta ne ya ga wahalar ta isa, ya kai ta shagon kwamfutoci. Mai shago ya zuba bayani: a ƙara ƙwaƙwalwa, a sa ma'ajiya mai sauri, kana dannawa tana buɗewa. Gwaggo dai madannai kawai ta taɓa, ta ji laushinsu, ta ce sun yi.

"A haɗa da allo na biyu, Inna," in ji ɗan. "Ɗaya naki, ɗaya ya kalli benci. Kowa ya ga abin da ake buga masa, babu gardama."

Ta so ta yi magana, amma ta ga yadda fuskarsa ke walwala. Kyautar ɗa ba a kushe ta.

Injin kam ya yi sauri, ba a cewa komai. Ranar nan wani direban kamfani ya faɗo shagon yana huci, an zarge shi da satar man da bai sata ba. Bai ko zauna ba shafi ya buɗe. Ya fara zuba zafafan kalamai, Gwaggo na sassautawa yadda ta saba, shi kuwa idonsa na kan allonsa.

"Gwaggo, ba haka na ce ba! Roƙo na zo yi? Goge. Sa 'na bar muku aikinku, azzalumai'."

"Ɗana, zauna ka sha ruwa tukuna."

"Ba ƙishirwa ta kawo ni ba."

Ta buga masa kalma da kalma. Firinta ta miƙo takardar nan take, ya fizga ya fita. Abin ya dame ta ƙwarai, ta yini ba walwala.

Bayan 'yan makonni direban ya dawo da hantsi, lokacin da masu aiki ke wurin aiki. Ya rame. Ya gaishe ta a ladabce, ya ce takardar neman aiki yake so, ga iyali a gida. Gwaggo ta ɗora yatsu a kan madannai ta ce ya faɗa, tana ji.

Sai ya miƙa hannu, ya juya allon da ke kallon benci ya fuskanci bango.

"Rubuta yadda kika ga ya dace, Gwaggo."