Ashe Tsargiyar Yarinta Ce

Shekarun baya, muna shekara ta shida da aure ko ɓatan wata babu, ba sassaƙen da matata ba ta sha ba. Mahaifiyata ke kawowa, duk ranar kasuwar Ɗanbatta da sabon ƙulli. Ni kuwa gogan naku ina gefe ina cewa, "Daure ki shanye." Ko sau ɗaya ban zargi kaina ba. Mutumin da ke saɓa buhun gero shi kaɗai, wace matsala kuma?

Wani jiƙo ne ya kayar da ita, amai har ta fita hayyacinta, muka kwasa sai asibiti a Kano. Bayan ta warware aka yi mata gwaje-gwaje, likita ya ce mahaifarta ƙalau. Sai ya dube ni. "Malam, kai an taɓa gwada ka?"

Wallahi ji na yi kamar ya zage ni. Kunya ce kawai ta sa na yarda.

Sakamako ya nuna ƙwayoyin maniyyina kaɗan ne, ga rashin kuzari. Ya tambaya ko na taɓa fitsarin jini. Na yi dariya, na ce wa bai yi ba a garinmu? Muna yara a kududdufi muke wuni, wanda ya fara ma taƙama yake, wai ya zama namiji. Likita bai taya ni dariyar ba. Ya ce tsargiya ce, ta shekara da shekaru tana yi mini ɓarna a ciki.

A mota matata ta ce a hankali, "Mu bar shi tsakaninmu. Ni na riga na saba da surutun mutane." Maganar nan ta fi sakamakon ƙona mini rai. Muna sauka na wuce ɗakin mahaifiyata, na durƙusa.

"Inna, a daina ba ta magani. Matsalar tawa ce."

Ta ce, "To, kar ka kuskura ka faɗa a waje."

Na ce, "Ki yi haƙuri, Inna. Shekara shida ana faɗar nata a waje."

Na sha magani watanni, abu ya ɗan gyaru amma bai isa ba. Likita ya ce za a iya tace nawa a sanya mata kai tsaye cikin mahaifa. Na tambayi malaminmu, ya ce muddin na miji ne da matarsa ta aure, babu laifi. Aka gwada, a karo na biyu Allah ya amsa. 'Yarmu yanzu tana firamare, ga baki kamar na kakarta.

An yi da ni a majalisa sosai, har suna aka laƙaba mini. Ban taɓa nadama ba. A rayuwata ba abin da nake alfahari da shi kamar wanke matata da bakina.

Har yau wasu kan same ni a gona, su yi ta kewaye-kewaye, wai wani abokinsu ke neman kwatancen asibitin. Ba na tona su. Cewa nake, "Faɗa wa abokin naka ya same ni tasha ranar Litinin, ni zan raka shi." Litinin na yi, mai tambayar nake tararwa shi kaɗai a tasha.