Rufe Littafin, Ki Faɗa Mini

Shekara tara ke nan da rasuwar mijina, Malam Sabo, malamin kimiyya a wata sakandare a Gwaram. Kowace shekara nakan yi masa addu'a in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni, domin 'yarmu Nusaiba za ta zana jarrabawar kammala sakandare, kuma abin da ya fi tsana ya shigo mana gida.

Ina budurwa a Kangire na cika kaina da littattafan soyayya, ina jiran saurayin da zai ce ni ce tauraruwarsa. Sai Allah ya kawo mini Sabo a kan keke, yana shirin jarrabawar kwaleji. Zuwansa zance na farko ya miƙo mini littafi a rufe.

"Riƙe mini wannan. Zan gaya miki yadda ruwan sama yake samuwa. Duk inda ba ki gane ba, ki tsayar da ni."

Haushi ya kama ni, don haka da ya kai kan tururi na tsayar da shi da gayya: "To, me ya hana tururin wucewa sama gaba ɗaya?" Ya sosa ƙeya, ya karɓi littafinsa, ya hau keke. Washegari ya dawo da amsa, fuskarsa kamar an yi masa albishir. A ranar na fara son sa.

Dabararsa ta bita ke nan har ya koma ga Allah. Yakan ce wa ɗalibai ido mayaudari ne, ka kalli shafi ka ɗauka ka sani. Rufe littafin, ka je ka bayyana wa wanda bai taɓa shiga aji ba. Inda bakinka ya tsaya, nan za ka koma ka karanta, in an kwana biyu ka sake gwadawa. Wata tsohuwa daga Sara ta taɓa tare shi a hanya: "Malam, jikana ya hana ni sussuka da bayani, wai ƙasa ce ke juyawa ba rana ba. Kai ka aiko shi?" Ya yi dariya har da hawaye.

Yanzu baffan Nusaiba, yayan marigayi, ya samo wata makaranta da ake rubuta wa yara amsa a allo ranar jarrabawa. Yana so a mayar da rajistarta can, kuma don ƙauna yake yi. Ita ma tana so.

"Ummi, kowa haka yake yi. Abba ma da yana nan da ya gane."

Maganar nan ta hana ni sukuni. Da ya gane ɗin? Bai ga zamanin da amsa ke yawo a waya ba. Bai ga yarinya ta sha wahalar karatu ta faɗi ba, ƙawarta da ba ta buɗe littafi ba ta wuce jami'a. In na hana Nusaiba ta faɗi, ni za ta kalla, ba kabarinsa ba.

Jiya da la'asar ina ɓarar gyaɗa a tsakar gidan da muke haya a Birnin Kudu, tana gefe ta ƙura wa shafi ido. Na ce, "Rufe littafin, ki faɗa mini yadda ruwan sama yake samuwa." Ta turo baki, amma ta fara. Da ta kai kan tururi na yi mata tambayar da na yi wa ubanta. Ta tsaya cak, ta sosa ƙeya. Ban san lokacin da gyaɗar ta zube daga cinyata ba.

Bai bar mana gona ba, bai bar mana gida ba. Wannan tsayawar ya bari, da komawa ga littafi. Ban sani ba ko za ta ishe ta a ɗakin jarrabawa, kuma tsorona bai ragu ba. Baffa zai zo jin amsa ranar Juma'a. Zan durƙusa in gaishe shi, in ce a'a.

Allah ya jiƙan ka, Sabo. Yau da safe ta dawo mini da amsar.