Sunan Da Na Kasa Kira Ranar Da Na Ɗauki Bindiga

Assalamu alaikum. Ina roƙon mai kula da wannan shafi ya ba ni wuri, ya kuma bar ni ba suna, don abin da zan faɗa ba ni kaɗai ya shafa ba. A shekarun da abin ya faru ni magidanci ne mutumin ƙasar Damagaram, ina zaune a Bobigny, bayan birnin Paris, da matata da ƴaƴanmu. Karatuna bai yi nisa ba, lakkol, wato makarantar firamare, ma ban ƙarasa ta da kyau ba. Aikin gadi nake yi a wani babban sito na kaya, in kwana a tsaye, in wuni ina barci. Mutane suna cewa ina da haƙuri, ni ma haka na ɗauki kaina. Sai daga baya na gane yawancin abin da suke kira haƙuri rashin magana ne kawai.

Babban ɗana a Faransa aka haife shi, kuma shi ne ɗan farina. Na tashi a gidanmu na tarar mahaifina bai taɓa kiran sunan yayanmu ba, ba ya zama da shi, ba ya yi masa wasa, kuma kowa ya san ya fi son shi a cikinmu. Haka na ɗauko abin na kawo shi ƙasar da ba wanda ya san ma'anarsa. In ina son yaron sai in yi gyaran murya, ko in ce wa ƙanwarsa ta kira mini wancan. In zan ba shi wani abu sai in miƙa wa uwarsa. Ita ta daɗe da ajiye wannan kunya, ta ce tun ranar da likita ya tambaye ta sunan jaririnta ta ga ba za ta iya ba. Ta taɓa gaya mini, yana ƙarami, ya tambaye ta da Faransanci ko babansa ya manta sunansa ne. Tana faɗa tana dariya, ni ma na yi dariya. Ban taɓa zama na yi masa bayani ba, don yin bayanin ma a wurina karya kunyar ne.

Bayan ya tafi Lyon karatu, ɓarayi suka shiga gidanmu wata Juma'a da rana, ina masallaci, matata tana wurin aikinta a kicin na wata makaranta. A ƙasan bene muke. Suka ɓalle makullin ƙofa, suka kwashe abin da suka kwashe, har da ƴan kunnen da matata ta gada wurin uwarta. Abin da ya fi ci mini rai shi ne sawun takalmi da na gani a kan dardumar sallata da kan kayan ƴaƴana mata. Na sa aka canja makulli, amma barci ya ƙaurace mini. Ko ƙarar bututun ruwa na ji sai in zabura. Da na je unguwar Belleville, gidan abincin da mutanenmu suke haɗuwa ranar Lahadi, sai abokai suka sa ni gaba. Ɗaya ya ce ga babban mai gadi, ya tsare wa Nasara kwalayensa an kwashe masa tukwane. Wani ya ce wataƙila sai in ɗauki mai gadi ni ma. Na yi dariya tare da su, na koma gida zuciyata tana tafasa.

A wurin nan aka fara maganar bindiga. Wani ya ja ni gefe ya ce ya san mutum a unguwar Porte de la Chapelle da zai samo mini ƙarama ta aljihu, ba takarda, ba tambaya. Akwai wani dattijo a cikinmu, Alhaji muke ce masa, ya riga mu duka zuwa ƙasar. Ya ji abin da ake ƙullawa, ya kira ni da sunan garinmu kamar yadda ya saba, ya ce in je in sa ƙofar ƙarfe in kwanta. Ya tambaye ni, a cikin masu taɓa ƙofata a shekara, ɓarayi nawa ne, iyalina nawa ne. Na ce masa na ji, na gode. A raina na ce tsufa ne ya sa shi tsoro.

Ta aljihun na ƙi ta, kuma na daɗe ina yaba wa kaina a kan haka. Na ce ni mai bin doka ne, ta hanyar gaskiya zan bi. Hanyar da na gano ita ce in nemi parmi, wato takardar izinin farauta. Kakana maharbi ne, sai na riƙa gaya wa kaina gado nake komawa. Na yi watanni ina haddace hotunan tsuntsayen da ban taɓa gani ba, har na ci jarrabawar. Ranar da na shiga shagon, mai sayarwa ya tambaye ni me zan farauta, na ce zomaye da tsuntsaye. Ƙarya ce, ban taɓa niyyar taka daji ba. Ya shimfiɗa mini iri-iri. Na zaɓi doguwa mai baki biyu don ta yi kama da waɗanda na gani a hannun maharban garinmu. Na zaɓi harsashi mai ƙananan ƙwayoyi na harbin tsuntsu, na ce wannan tsoratarwa kawai zai yi, ba zai yi kisa ba. Da wannan tunanin na rufe bakin zuciyata. Mutumin ya nanata mini in ajiye ta a kulle, ba harsashi a ciki, harsashin kuma a wani wuri daban. Na gyaɗa kai. Ina isa gida na ɗura ta, na jingina ta a bayan kabad ɗin ɗakin kwanana.

Matata ta yi kuka, ta ce gara a sake kwashe mata komai da ta kwana ɗaki ɗaya da wannan abu. Na ce mata maganar maza ce, na kuma hana ta gaya wa yara. Ta ce to ko ba komai in ba babban ɗanmu sabon mabuɗi, tunda na hannunsa ya daina aiki. Duk zuwan da ya yi hutu akwai mutane a gida, bai taɓa buƙatarsa ba. Ranar da zai koma bayan wani hutu na sa mabuɗin a aljihu na raka shi gar, wato tashar jirgin ƙasa. Ina gaba da jakarsa, yana baya. Muka tsaya a bakin jirgi, hannuna yana kan mabuɗin. Na rasa yadda zan fara, don ban saba miƙa masa abu hannu da hannu ba. Na ce Allah ya kiyaye hanya, ina kallon gefe. Na dawo da mabuɗin gida na rataye shi a ƙusa, na ce uwarsa ta ba shi wani zuwan.

Ranar da abin ya faru lokacin zafi ne, wajen azahar. Na sauko daga aiki da safe na kwanta, ƴan matan suna makaranta. Ashe babban ɗan nawa ya kira uwarsa ya ce sun gama jarrabawa yana tafe. Ita kuma ta fita ina barci, ta ce a ranta za ta riga shi isowa. Ƙarar makulli ta tashe ni. Wani yana cusa ƙarfe yana murɗawa, ya ciro, ya sake cusawa. Sai shiru. Bai danna ƙararrawa ba, don tun suna yara na hana su tashina da rana, kuma shi ya fi kowa kiyaye wannan doka. Can sai na ji tagar kicin, wadda muka bari a ɗan buɗe saboda zafi, tana ƙara buɗewa. Ban san lokacin da na ɗauko bindigar ba. Na fito na tsaya a lungun da ke tsakanin ɗakuna, ina fuskantar ƙofar kicin. Ƙofar tana da gilashi mai duhu-duhu, inuwar mutum kawai ake gani.

Abin da zan faɗa yanzu ban faɗa wa ƴan sanda ba, ban faɗa wa alƙali ba. Na ga inuwar ta diro, ta ajiye jaka, sannan ta sunkuya tana kwance takalmi. Ɓarawo ba ya cire takalmi. Zuciyata ta ce mini shi ne. Na buɗe baki in kira sunansa in tabbatar, sai harshena ya tsaya. Sunan yana nan a bakina, ni na raɗa masa shi a kunne ranar suna, amma tun daga ranar bai sake fita ba, kuma ya ƙi fita. Sai na yi abin da na saba, na yi gyaran murya. Inuwar ta miƙe da sauri ta nufo ƙofa. Yatsana yana kan kunamar bindigar, tsoron watanni ya taru ya hau kaina. Na ji ƙara, gilashi ya zube.

Allah ya sa hannuna ya kauce, yawancin ƙwayoyin suka shige bango da jikin firji. Waɗanda suka same shi sun same shi a kafaɗa da gefen kai na hagu. Na tarar da shi zaune a ƙasa, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu, yana kallona, jini yana bin wuyansa. Bai yi ihu ba. Maƙwabta suka kira motar asibiti da ƴan sanda. An cire masa abin da za a iya cirewa, ya rayu, amma kunnensa na hagu ya mutu har abada. Aka tsare ni, aka kai ni kotu. A gaban alƙali yaron ya ce kuskure ne, babansa bai san shi ba ne. Aka yi mini ɗaurin talala, aka ƙwace bindigar, na rasa aikin gadi. Da ya fito asibiti bai kwana gidan ba ko sau ɗaya. Ya koma Lyon, ya ƙarasa karatu, ya samu aiki, ya zauna can. Uwarsa da ƙannensa suna zuwa wurinsa. Ni ban je ba, shi bai zo ba. Na riƙa ce wa mutane aiki ne ya riƙe shi.

Shekaru suka wuce a haka. Alhajin nan bai taɓa ce mini ai ya faɗa mini ba. Sai da ciwo ya kwantar da shi na je gaishe shi, ya kama hannuna ya ce ɗana, kai kana jiran yaro ya zo ya gaishe ka kamar kuna gida, shi kuma yana jiran ubansa. Ya ce in hau jirgi tun ina da ƙafa.

Na je Lyon na tsaya a ƙofar ma'aikatarsu har suka tashi. Ya gan ni, ya gaishe ni da ladabi kamar yadda ake gaida baƙon uba, muka tafi bakin kogi muka zauna a kan benci. Hausarsa ta yi rauni, yana haɗawa da Faransanci. Ya ce harbin ba shi ne ya hana shi zuwa ba. Ya ce ranar ya ji gyaran muryata, ya gane ni, shi ya sa ya miƙe da sauri don ya gaishe ni kafin in yi faɗan ya tashe ni. Sannan ya tambaye ni ko na san shi ne. Na ce zuciyata ta faɗa mini. Ya ce to me ya hana in kira shi. Na fara yi masa bayanin kunyar ɗan fari, da mahaifina, da yayanmu. Ya ce uwarsa ta gaya masa wannan tun tuni, ya fahimta, amma shi abin da ya sani shi ne a duk ajinsu shi kaɗai ne bai taɓa jin sunansa a bakin ubansa ba.

Nan na kira shi. Muryata ta fito kamar ta wani. Bai juyo ba, yana kallon ruwa. Na zaci fushi ne, sai ya nuna kunnensa da yatsa ya ce ta wannan gefen ba ya ji, in zagayo. Ashe a hagunsa na zauna. Na tashi, da furfurata, na zagaya bencin na zauna a damansa na sake faɗa. Ya amsa da na'am.

Ba zan ce komai ya gyaru ba. Har yau bai taka gidan Bobigny ba, mabuɗinsa yana nan a ƙusa, kuma ban ga laifinsa ba. Al'adar iyayenmu ban zage ta ba. A gida yaro yana da kakanni da baffanni da gari guda da za su nuna masa cewa shirun ubansa so ne. A nan ba shi da kowa sai mu, ni kuma na bar shi ya fassara shirun da kansa.

Ɗan'uwa da aka shiga gidanka, na san abin da kake ji, na san yadda dariyar abokai take ci. Kafin ka tsaya zaɓen doguwa ko gajeriya, mai takarda ko marar takarda, ka tsaya ka tuna su wa suke taɓa ƙofarka. Ni na yi watanni ina zaɓe, na bi doka, na ɗauki harsashin da na ce ba ya kisa, kuma mutum ɗaya tak na taɓa harbi da ita. Ka gyara ƙofarka, ka san maƙwabtanka, kowa a gidanka ka miƙa masa mabuɗinsa da hannunka. In kana da ɗan da ba ka kiran sunansa, ka fara yau tun yana ji da kunnuwa biyu.

Duk Juma'a bayan masallaci ina kiransa a waya. Wani lokaci ya ɗauka, wani lokaci ta kai ni wurin ajiye saƙo. Ko wanne ne, da sunansa nake farawa. Ina roƙon masu karatu su sa mu a addu'a, Allah ya yafe mini, ya kuma sassauta zuciyarsa.