Ranar da aka gode wa mai janareta

Ladan bai gama kiran sallar asuba ba muka fito daga unguwarmu Nassarawo a Mubi, ni da mahaifiyata da kakata, muka nufi tashar motocin zuwa Yola. Kaka ta ɗaura zanen da take ajiyewa don biki, ta riƙo ƙullin gyaɗar Vimtim, tsarabar ɗanta. Gidan talabijin ne zai karrama wasan barkwancin da Kawu yake rubutawa, ita kuma ta ce sai ta ji an kira sunansa da kunnenta.

Kawu malamin firamare ne a da, yana shirya wa yara wasan kwaikwayo, daga nan ya koma rediyo, sannan talabijin. Duk abin dariyar da ya ƙirƙira sai ya fara gwada shi a kan Kaka ta waya. In ta ce “to” kawai, ya yar da shi. In ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, ya shiga wasa.

Kafin Hong motarmu ta faɗa wani rami, kaina ya bugi rufi. Direba ya leƙa ta taga ya ce wa ramin, “Sannu da hutawa! Na ga an samu ƙaruwa, ya yaran?” Mota ta kaure da dariya. Maganar Kawu ce, daga wasan direban da ke zuwa barka in ramin hanya ya haihu. Kaka ta gyara ɗankwali. A Gombi muka sayi ƙosai, ya ƙanƙance har ina hango yatsana ta cikinsa.

A bakin zauren taro muka tarar da Kawu a tsaye cikin rana. Masu gadi sun hana shi shiga, wai ba su san fuskarsa ba. Sai da babban ɗan wasan, wani mai jar hula da ke fitowa a matsayin direba, ya iso, ana ta ɗaukarsa hoto, ya ce a bar mu, “mutanena ne”. Can baya aka zaunar da mu, kusa da kulolin abinci.

Aka yi ta jawabi. Aka gode wa 'yan wasa, da masu kwalliya, da mai ba da hayar kujeru, har da mai janareta. Duk sunan da za a kira sai Kaka ta ɗan ɗago daga kujera, ta sake zama. Na lura hannunta yana murza bakin ƙullin gyaɗar har aka rufe taro da addu'a. Ba a kira shi ba. Na ture shinkafar da aka raba gefe.

Kawu ya sunkuya wajenta ya ce, “Dada, ai gaskiyarsu. Mai janareta in ya yi fushi kowa sai ya zauna a duhu. Ni kuwa in na yi fushi, dariya ake yi.” Kaka ta dube shi ta ce, “To.”

Washegari a hanyar dawowa, bayan Song, muka sake faɗawa rami. Wani fasinja ya maimaita gaisuwar, ya ƙara da cewa, “Kai, mai jar hular nan akwai ƙwaƙwalwa!” Ni da ko a aji ba na ɗaga hannu, sai na ji muryata ta fito: “Kawuna ne ya rubuta. Ga mahaifiyarsa nan.” Na faɗi sunansa har da na mahaifinsa. Duk aka juyo. Direba ya rage gudu ya ce, “Hajiya, ashe ke kika haifa mana shi? Allah Ya yi masa albarka.” Aka amsa da amin, Kaka ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

Mun iso Mubi da la'asar, ƙura har gira. Har yanzu ina jin haushin zauren nan. Amma daga wannan tafiya, duk wasan da na kalla ba na tashi sai na tambayi wanda ya rubuta.