Ranar da Kwamfutarmu Ta Koma 1970

Har yau idan na ji warin ruɓaɓɓen tumatir, sai na tuna ranar da na danna "sabunta" a kwamfutar ofishinmu. Ba wanda ya sa ni. So nake kawai Alhaji ya ga ina aiki.

Ku sababbin zuwa, bari in yi muku bayani. Kawuna Alhaji Sada ke da ofishin nan na fiton kaya a bakin iyakar Jibiya. Da na gama sakandare ya ɗora ni kan kwamfuta, ni kuma na naɗa kaina Babban Injiniya. Takardun motocinmu ba a nan suke ba, suna cikin babbar na'urar ofishinmu na Kano, wadda ake kira saba. Tamu leƙawa take yi ta ɗebo, kamar gidaje da yawa masu rumbu ɗaya. Abin da ke ba ta damar leƙawar wani ɗan shiri ne, modul, wanda ake sa wa kanel, wato zuciyar kwamfutar. Daidai jikin kanel ake ɗinka shi, kamar riga.

To, dannawar nan tawa ta kawo sabon kanel. Aka ɗauke wuta, aka tada janareta, kwamfuta ta farka, tsohuwar riga ta ƙi shiga. Na buɗe ma'ajiyar takardu, wayam!

A waje kuwa ga Isuhu, direba ɗan Maraɗi, da mota shaƙe da tumatir, rana na gasa su. In bai haye ba kafin a rufe ƙofa, miya zai kai gida.

Ya leƙo ta taga. "Kai yaro, mi ya hwaru? 'Yan duwan ba su jiran kowa hwa!" Jami'an kwastan yake nufi.

Na ce, "Yanzun nan, Malam Isuhu." Gumin da na yi a lokacin ya isa noman rani.

Na kira Anti Binta, injiniyarmu ta gaske da ke Kano. Ta ce in sauko da kayan haɗin sabon kanel, in sake ɗinka modul a kansa. Na yi. Rubutu ya yi ta gudu a allo kamar tururuwa, modul ya hau. Har na fara taka rawa, sai saba ta ce ba ta san mu ba. Na cire, na sake sawa, na kashe, na kunna, na yi mata tofi. Ko gezau.

Anti Binta ta ce, "Ɗan nan, karanta min kwanan watan da ke jikinta."

Na ce, "Ɗaya ga Janairu, 1970."

Dariyarta sai da na janye wayar daga kunnena. Ta ce saba ba ta buɗe wa wanda agogonsa ya saɓa da nata. Akwai ɗan batir mai kama da kwabo da ke riƙe wa kwamfuta lokaci, namu ya mutu.

Alhaji, da ke gyangyaɗi, ya farka. "Saba'in? Bar ta nan! Shekarun nan ne kuɗin fetur suka ɓarke. Ina yaron mota, amma rediyo biyu gare ni. Wannan na'ura ta san inda daɗi yake."

Isuhu ya ce, "Alhaji, ku dawo bana don Allah, tumatir na zubda ruwa!"

Na gyara kwanan wata da hannu. Takardu suka bayyana, na aika ta farko wurin bugawa, sai janareta ya yi tari ya mutu. Da aka tada shi, mun sake komawa zamanin rediyon Alhaji.

Aka kira la'asar, Alhaji ya tafi masallaci, ya bar makullin motarsa mai haɗe da rimot a kan tebur. Na dubi rimot ɗin, rimot ya dube ni. Na ɓare shi, sai ga kwabon da nake nema. Na sa wa kwamfuta, na sake gyara kwanan wata, na buga wa Isuhu takardunsa.

Abin da na koya ke nan: kafin ka zargi kanel da modul, dubi agogo. Kuma a aikin nan, mai son a ga yana aiki ya fi mai barci ɓarna.

Isuhu ya haye kafin a rufe ƙofa. Alhaji kuwa ya danna rimot har yatsansa ya gaji, ya buɗe da makulli, mota ta kama kururuwar ɓarawo har jami'an iyaka suka fito. A kan acaɓa ya koma gidansa a Bugaje ranar. Batirin yana cikin kwamfutar nan har yanzu.