Firmin da 'yan hayar katantanwa

A ƙauyenmu na yankin Burgundi, can ƙasar Turawa, in ba Firmin ne ya dafa dodon koɗi ba, to ba a yi biki ba. Shi ke cusa naman cikin katantanwa, ya toshe bakin da man shanu da tafarnuwa, ya gasa. Katantanwoyin kuwa na gado ne: a ci, a wanke, a shanya, a adana a kwando. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa, kuma ban taɓa jin ya yi wa matarsa Leonie maganar da ta kai wadda yake yi wa kwandon nan daɗi ba.

Shekarar da za a aurar da 'yarsu Solange, ya baza su a ciyawar bayan gida su sha rana, sai ciwon baya ya kwantar da shi. Da ya miƙe ya je kwashewa, ya tarar an riga shi. Wasu ƙudan zuman daji sun tare, kowace da katantanwarta, ta zuba ƙwai ta liƙe ƙofa da taunannen ganye.

Na leƙo ta katanga na gan shi rub da ciki.

"Tsoho, bayan ne ya dawo, ko Leonie ce ta kore ka?"

"Berthe, rufe bakin nan ki zo ki gani. Ba su da sarauniya, ba su da amya, ba sa ma yin zuma. Kowace ita kaɗai take aikinta."

"Zawarawa ke nan. Ai mun san juna."

Kafin mako ya zagayo ya zama malami. Wai iri uku ne. Akwai baƙa mai jan gindi, wadda ke jido tsinken ciyawa ta yi wa gidanta jinka. Irinta, in ji shi, har kudancin Ingila akwai, in dai ƙasar mai farin dutse ce kamar tamu. Akwai mai ruwan zinariya, wadda ba ruwanta da jinka. Na ukun siriri ne, koɗaɗɗe, ba ya ɗaukar ko tsinke, sai yawo. Firmin ya rantse baƙo ne daga kudu.

"Baƙo? Ba ya gini, ba ya dako, sai bin mata. Mijin baƙar ne, sakarai. Je ka dubi madubi."

Ya yi kwana biyu ba ya gaishe ni, sannan ya rage su zuwa iri biyu.

Leonie kuwa ba lissafin iri ne ya dame ta ba. Biki ya matso, ta ɗora tukunyar ruwan zafi.

"Kwaso su a tafasa, maigida."

"Akwai 'ya'ya a ciki. Sai baɗi za su fito."

"Ita kuma taka 'yar fa? Sai baɗi za ta yi aure?"

Na ce ya ari nawa, ya ce ƙanana ne. Na ce ya sayo sababbi, ya kalle ni kamar na ce ya sayo uwa. Ya ɗauko kujera ya dasa tsakanin Leonie da ciyawar.

Ranar biki aka jera dodon koɗi a kofunan shayi. Uwar ango ta ɗaga nata, ta leƙa ciki, ta ce da ƙarfi:

"Tsirara kuke kawo su a gidan nan?"

Leonie ta sunkuyar da kai. Ni kam na cinye nawa, na cinye na uwar ango, don kada ta ci gaba da ganin abin kunya.

Tun daga ranar ba a sake kiran Firmin girkin biki ba. Wani mai dafa su da gishiri kamar yadda ake yi a bakin teku ya gaji aikin. Solange ta daɗe tana fushi, amma da ta haihu, wurin ciyawar nan ta fara kai wa Firmin jikarsa, ta ce tunda ya iya gadin 'ya'yan wasu, ga tasa nan.