Hannun da Ban Wanke Ba

Ina dresa, mai ɗaure miki, a ɗakin shan magani a Gwandu, kafin mulkin kai, na san doka sarai: in ka taɓa miki, ka wanke hannu a tasar ruwan magani kafin ka taɓa wani.

Wata safiya abokin mahaifina ya zo daga Kambaza da gyambo mai ruwa. Na ɗaure masa, na juya wajen tasa. Sai ya ce, "Ɗana, ni da na yi maka huɗuba, yau ni kaka ƙyama?"

Masu jira suka zuba mini ido. In na wanke na ci mutuncin tsoho, in na bari na san abin da ke hannuna. Na goge hannun a riga, na kira na gaba, wani manomin Masama da hauya ta ɗan sare shi a ƙafa. Na ɗaure masa da wannan hannun.

Bayan kwana biyar aka kawo shi bisa jaki, ƙafar ta kumbura tana wari. Daminar nan bai yi noma ba. Har ya rasu, duk inda muka haɗu godiya yake yi mini, ni kuwa na kasa gaya masa.